Gefen da Baba Ya Manta

Tun da muka dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. A lakkol, makarantar da nake koyarwa, malamai ƴan'uwana suna tare ni a bakin aji, a gidan suna ma haka. Wata tana son labarin gadojin da mota ke bi ta kan mota, wata tana tambaya ko da gaske ne ana ganin cikin kan mutum ba tare da an fasa shi ba. Ƙawata Balki ta ce tunda ba na rabuwa da kayen rubutu da alƙalami, in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, in huta. To ga shi na rubuta. Sai dai ku yi haƙuri, gadojin ban kalle su yadda ya kamata ba. Duk tafiyar idona yana kan mutum biyu ne, Baba da ƙanensa Baffa Ilu.

Su biyu ne maza a wurin kakanmu. Gida ɗaya, gandu ɗaya, a ƙauyenmu da ke kusa da Gangara a ƙasar Damargu. Tun suna yara kakanmu ya ba kowa wurin zamansa, Baba a dama, Baffa a hagunsa. Haka suke zama a gaban akushi, haka a tabarmar ƙofar gida, haka a sahun masallaci. Har gemunsu ya yi fari ba wanda ya taɓa sauya wuri. In Baba ya ɓara goro, ba ya ko dubawa, rabi na wajen hagu ne. Ni kuwa dukansu Uwata suke kirana, domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Da daminar bana Baba ya faɗi a gona. Aka ce rana ce ta buge shi. Ya yi kwana biyu yana ciwon kai, ya tashi da maganarsa da ƙafafunsa, muka gode wa Allah. Bayan nan ne abin ya fara. Baffa ya yi masa ina kwana a tabarma, Baba ya juya dama ya amsa wa maƙwabci. An sallame salla, ya miƙa wa na dama hannu, ya bar hannun Baffa a iska. In sun haɗu gaba da gaba a tsakar gida sai ya yi masa fara'a kamar da, wannan kuwa ya fi ƙona wa Baffa rai, ya ce a gida dariya, a gaban mutane wulaƙanci. Wata Juma'a tabarma cike da dattawa, Baba ya ce, "Wai ni Ilu ya daina zama da mu ne?" Baffa yana nan a hagunsa, gwiwa na taɓa gwiwa. Kowa ya sunkuyar da kai. Tun ranar Baffa bai sake yi masa magana ba. Ya aiko wa Inna cewa da zarar an gama kai gero rumbu za a raba gandu, shi da iyalinsa su koma Belbeji, inda yake cin kasuwar dabbobi. Har fili ya samu.

Yanzu nakan yi mamakin yadda muka yi wata huɗu ba mu gane ba, amma ladabinmu ne ya rufe mana ido. Mu mata ta gaba muke durƙusa masa, ta dama muke miƙa masa ruwa. Hannun hagun dattijo wa ke kallonsa, tunda ba ya ci da shi, ba ya karɓa da shi? Da Baffa ya daina cin tuwo da shi, muka ga kullum yana barin rabi, sai muka ce ai manya dama suna rage wa yara. Sai da ya fita da hannun riga ɗaya a rataye, ya kuma yi karo da amalanken shanu da ke tsaye a hagunsa, sannan aka kai shi Tanut. Aka duba ido, lafiya lau. Jininsa ne ya hau. A asibitin Damagaram lokotoro ya ce yana zaton abin a ƙwaƙwalwa yake, ya rubuta takarda a je a ga masu wannan fanni a kuma ɗauki hoton cikin kai, ko Yamai ko Kano. Kano ta fi kusa, ga Gwaggo Rabi, yayar su Baba, tana aure can.

Yayyena maza duk suna arewa wurin nema, ni kaɗai kuma ba za a bar ni in tsallake iyaka da mara lafiya ba. Inna ta tura ni wurin Baffa. Na same shi yana gyaran dabaibayi.

"Ido lafiya, kunne lafiya," ya ce. "Wane irin ciwo ne wannan da ya san sunana?"

"Baffa, ni ma ban sani ba."

Ya daɗe yana murza igiya. "Don ke zan je, Uwata. In kai shi, in dawo da shi, in kwashe nawa."

Mun tashi ranar wata Asabar da hantsi a motar kasuwa, wadda ta fitar da mu babbar hanya, daga nan muka samu ta Damagaram. Aka ba Baba bakin taga ta dama. Baffa da fushinsa da komai, ƙafarsa ta kai shi hagun Baba ya zauna, ni kuma na bi bayansa. Baba ya yi ta ba mu labarin abin da ke wucewa ta tagarsa, wa ya yanke gero, wa ya bari tsuntsu ya ci, raƙuman wa suka yi ƙiba. Can ya fito da goro ya ɓara. Na ga hannun Baffa ya ɗan motsa a kan cinyarsa. Baba ya miƙa rabin ga wani Buzu da ke kujerar gabansa. Buzun ya karɓa ya yi godiya ta cikin rawaninsa. Baffa ya mayar da hannunsa cikin aljihu, bai fito da shi ba har Damagaram.

Akwai wata Hajiya a bayanmu mai fataucin kwanuka, wadda kafin mu yi nisa ta gama jin labarinmu daga bakina ba tare da na san na ba ta ba. Ta ce ita ta san irin wannan, farraƙu ne aka yi musu, ta kuma san wani malami a Takeita. Na ce Allah ya saka. Ta ce, "Ƴan lakkol ke nan, ku ce Allah ya saka, ku yi abin da kuka ga dama." Ta ba ni dabino uku.

A tashar Damagaram na fara ganin abin da idona. Baffa ya tafi neman motar gobe, na sayo wa Baba shinkafa da miya a faranti. Ya ci rabin dama tas, ya bar rabin hagu a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Ya suɗe hannu ya ce, "Mutanen birni ba sa cika kwano, Uwata. Ban ƙoshi ba." Babu yaro ko ɗaya a wurin da za a ce shi ya rage wa. Na sa yatsa na juya farantin a hankali. Ya duba, ya washe baki. "Madalla, an ƙaro?" Da Baffa ya dawo na ba shi labari da zumuɗi. Ya ce shi ba faranti ba ne. Muka kwana gidan wata da muka yi karatu tare, da safe muka kama hanyar Matamai.

Ni ban taɓa ganin iyaka ba, a raina ina zaton wani abu ne mai girma, kamar bakin kogi. Ashe igiya ce da ganguna da rumfuna, da masu awara da masu rake, Hausa ɗaya a kowane gefe, sai dai tufafin ma'aikata da ya bambanta. Aka ce kowa ya sauka da katinsa a hannu. Ma'aikacin ya biyo layi ta hagunmu, ya tsaya wurin Baba ya miƙa hannu. Baba yana kallon masu rake.

"Baba, da kai nake."

Baba bai ko juyo ba. Na ce wa ma'aikacin ya yi haƙuri, Baba ba shi da lafiya, ya zagayo ta wannan gefen. Ya kalle ni kamar zai yi magana, sai kuma ya zagayo. Baba ya gan shi, ya kama hannunsa da fara'a, ya tambaye shi aiki da iyali, ya sa masa albarka har sai da mutumin ya ji kunya ya ce mu wuce.

A nan muka yi azahar. Mun fito masallaci mun yi tafiya mai ɗan nisa, sai na ga Baba takalmi ɗaya ne a ƙafarsa. Ta hagu tana taka ƙasa mai zafi, shi ko a jikinsa. Kafin in buɗe baki na ga Baffa ya riga ya juya. Ya dawo da takalmin yana kaɗe shi a gefen rigarsa, ya miƙo mini. "Sa masa."

A ƙetaren iyaka mota muka sauya. Cikin turereniya aka tura Baba tsakiya, Baffa ya faɗa bakin ƙofa, a damansa, karo na farko a rayuwarsu. Baba ya juyo ya gan shi.

"A'a, Ilu! Ina ka shige tun safe? Ka bar ni da yarinya a hanya, kai ko kunya?"

Mutanen mota suka yi dariya. Baffa bai yi ba. Ya leƙo ta gaban Baba ya ce, "Uwata, faɗa wa babanki ina nan inda ya bar ni." Daga Daura har Kazaure Baba yana yi masa hira, shi yana kallon taga.

Kano kuwa abin da ya fara shiga jikina ƙara ce. A garinmu in mota ta shigo da safe har yamma ana maganarta. Can ko numfashinka ba ka ji. Kowace mace Hajiya ce, kowane namiji Alhaji, har Baffa da bai taɓa wuce Damagaram ba ya zama Alhaji kafin mu fita tasha. Allunan kan titi duk da Ingilishi. Ni da nake karanta wa rabin ƙauyenmu wasiƙa da takardar magani, na koma ina kallon rubutu kamar sawun kaji. Muka shiga adaidaita sahu, keken nan mai ƙafa uku, ina rungume da buhun gero da cukun da muka kawo tsaraba, ya kai mu Kurna.

Gwaggo Rabi ta tarye mu a zaure, ƙatuwar mace mai murya. Ta kalli ƙannenta biyu daga sama har ƙasa.

"Ga su nan, tsofaffin banza. Na goya wannan, na goya wancan, yau su ne masu gaba. Ilu, har Kano aka kawo mini labarin Belbeji. Me ka ajiye a can, uwa ko uba?"

"Yaya Rabi, a bar maganar."

"Ba za a bari ba. Ku ci abinci tukun."

Aka sauke maza a shagon ƙofar gida, ni a ɗakin ƴaƴanta mata. Furarsu da sukari da ƙanƙara, ta yi sanyi har haƙori, Baffa ya kurɓa ya ce wannan ta yara ce. Zogalen da muke ce wa kopto su kwaɗo suke cewa, sun kuma fi mu sakin hannu da mai da yaji. Na je sa wayata a wuta, ramin bangonsu uku ne masu kusurwa, nawa ƙafa biyu zagayayyu, sai da aka nemo wani abu aka haɗa. Ƴan matan suna dariyar Hausata wai rabinta Faransanci ne. Na ƙyale su, don tasu ma in aka tsame Ingilishi sai ta rame.

Washegari muka yi sammako asibiti. Aka ba ni takarda in cika, na tsaya riƙe da alƙalami. Wata mata a kusa da ni, Talatu sunanta, daga wajen Bichi, ta karɓa ta cika mini tana tambayata. Mijinta ta kawo. Hannunsa da ƙafarsa na dama sun mutu, magana kuma ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa, "to". Yana jin duk abin da ake faɗa, idonsa na cikowa da magana, in ya buɗe baki sai "to". Baba ya zauna ya yi ta yi masa hira, shi yana cewa to, to. Baba ya raɗa mini wai ya daɗe bai ga mutum mai sauƙin kai irin wannan ba.

Likitar mace ce, ba ta kai Inna shekaru ba, gilashinta a goshi. Ta ce mu zauna. Ba wanda ya nuna wa Baffa kujera, ya ja ta hagu.

"Baba, me ke damunka?"

"Ni? Lafiyata lau, ƴata. Yaran nan ne suka ga ina da sauran ƙarfi, suka ce a zo a ƙarar da shi a mota."

Ta yi murmushi. Ta tambaye shi ranar da muke ciki, da sunan garinsu, da sunayen ƴaƴansa, ya jero su har da jikoki. Ta sa ya matse yatsunta da kowane hannu, ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Sannan ta zauna daidai gabansa, ta ware hannuwa biyu, ta ce ya kalli hancinta. Ta motsa yatsa ta hagunsa kawai. Ya ɗan jima ya ce ya gani. Ta motsa duka biyun lokaci ɗaya. Ya ce ɗaya ne, na dama. Ta sa ya rufe ido ta taɓa bayan hannuwansa, haka aka sake yi. In hagu ita kaɗai ce, yana ji. In dama ta shigo, hagu ta ɓace.

Ta tambayi sana'arsa. Na ce noma, kuma a garinmu shi ake kira in za a raba naman watanda ko a tsaga iyakar gona, don an san idonsa ba ya zalunci. Ta jawo aljihun tebur ta fito da igiya.

"Masu boko layi nake ja musu a takarda. Manomi kuwa ga tasa. Ke riƙe nan. Alhaji, riƙe can."

Na riƙe bakin dama, Baffa ya riƙe na hagu, muka miƙe ta a gaban Baba. Ta ce ya kama tsakiya. Baba ya yi dariya, wai wannan ne aka taso shi daga Damargu dominsa. Ya sa yatsu biyu ya kama igiyar dab da hannuna.

"Yaya," in ji Baffa, "tsakiya aka ce."

Wata huɗu ke nan rabon da ya kira shi Yaya. Baba ya juyo wajena ya amsa, "Ita ce wannan mana."

Baffa ya karɓi igiyar. Ya auna da taƙinsa daga hannuna zuwa inda Baba ya kama, taƙi ɗaya. Ya auna nasa gefen, taƙi huɗu da ɗoriya. Ya sake aunawa. Sannan ya naɗe igiyar a hankali ya ajiye a tebur, kamar abin da zai iya fashewa.

Likita ta ɗauko wani abu na roba mai siffar ƙwaƙwalwa, an shafa masa launi kashi-kashi. Baffa ya ce shi ya fasa kan rago da na akuya ba adadi, abu ɗaya ne fari, bai taɓa ganin an raba shi gida-gida ba.

Likita ta ce, "In ni baƙuwa na je gandunku, zan gane inda gonarku ta tsaya ta maƙwabci ta fara?"

"Ba za ki gane ba."

"Amma akwai iyaka."

"Akwai."

"To nan ma haka. Launin mu muka shafa don ɗalibai."

Ta raba abin biyu, ta ce ɓari biyu ne, kowane ɓari da manyan sassa huɗu, kuma aikinsu a gicciye yake, ɓarin dama ne ke kula da hagun jiki, na hagu ke kula da dama. Na tuna mijin Talatu na tambaye ta. Ta ce ba za ta yi mini maganar wani mara lafiya ba, amma a yawancin mutane magana a ɓarin hagu take zaune, shi ya sa sau da yawa takan tafi tare da hannun dama. Baba kuwa bakinsa ya fi na kowa a ɗakin, saboda haka ta bar wannan ɓarin.

Ta dafa goshin abin. Ta ce sashen gaba shi ke riƙe da hali da kunya da tsara abin da mutum zai yi, daga bayansa kuma umarni ke fita zuwa hannu da ƙafa. "Ƙarfinsa yana nan. Halinsa fa, ya sauya? Ya fara zagi, ko yin abin da da ba ya yi?" Ni ta kalla, amma Baffa ne ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "A'a. In ban da ni ba wanda ya ɓata wa." Ta sauko wajen kunne, inda ta ce nan ake gane abin da aka ji, nan kuma ake ajiye abin da za a tuna, mutumin da ya jero jikokinsa ba nan ya samu rauni ba. Ta juya ƙeya ta ce nan gani yake. Na yi mamaki a raina, ido a gaba, gani a baya, kamar rijiya a gabas gari a yamma. Ta ce tunda yana ganin yatsanta na hagu in shi kaɗai ne, saƙon ido yana isa ƙeya.

"Wato sawu kike bi," in ji Baffa. Shi ne mai nemo dabba in ta ɓace a garinmu.

"Sawu nake bi, Alhaji. Inda na ga ba ɓarna, in wuce."

Ta tashi ta ce Baba ya cire hula. Ta ɗora yatsa a kansa ta dama, sama da kunne, ɗan baya kaɗan. Ta ce saura wannan sashen, shi ne mai lura da inda abu yake, da inda jikin mutum ya fara da inda ya ƙare. Tana zaton ranar da ya faɗi a gona wata ƙaramar hanyar jini ce ta toshe a nan.

Baffa ya gyara zama. "To kunnensa fa? Ina yi masa magana yana ji, ya amsa wa wani."

"Yana ji, shi ya sa yake amsawa. Amma in ya nemi mai maganar, a dama kawai yake nema. Alhaji, yanzu kana ganin duhu a bayan ƙeyarka?"

"A'a."

"Ba ka ma tuna akwai wurin ba sai da na faɗa. Haka hagu ta zame masa. Shi bai san ya rasa komai ba. Duk wanda ya zauna a nan, ko ni ce, ko mahaifiyar da ta haife shi, haka zai yi masa. Wa ke zama a hagunsa kullum?"

Na dubi Baffa. Baba yana ta neman hularsa, tana kan gwiwarsa ta hagu.

Hoton sai washegari aka yi. Aka sa ya cire zobe da agogo da duk wani ƙarfe, aka tura shi cikin wani inji mai baki kamar rumbu a kwance. Ya fito ya ce ya shiga injin niƙa ya fito da ransa. A rana ta uku muka koma. Likita ta ɗora hoton a jikin haske. Ga cikin kan Baba yanka-yanka, kamar ganyen kabewa. A ɗaya daga ciki ta nuna mana tabo, bai fi girman dabino ba, daidai inda ta ɗora yatsa. Na daɗe ina kallonsa. Ɗan wannan wuri ne ya kusa raba gidan da aka yi shekara da shekaru ana ginawa.

Ta rubuta maganin hawan jini da wani na hana jini toshewa, ta ce kullum ne, ba sai ya ji ciwo ba. A rage gishiri da kanwa. Kada ya tsallaka hanya shi kaɗai. Ta ce ba za ta yi mana alkawarin zai dawo daidai ba, wasu suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan.

Tana cikin magana Baffa ya tashi, ya ɗauki kujerarsa, ya zagaya ya ajiye ta a daman Baba ya zauna. Baba ya gan shi ya ce, "Ilu, kai dai ba ka zama wuri ɗaya." Baffa ya yi dariya, ya sa bakin rawaninsa ya goge ido.

"A'a, Alhaji," in ji likita. "Koma inda kake."

Baffa ya tsaya yana kallonta.

"In kowa ya dawo dama, hagu ta tafi ke nan har abada. Mu so muke a riƙa jawo shi can. A ajiye masa ruwa a can, a ɗaura jan ƙyalle a hagun ƙofa. Amma abin da ya fi duka shi ne mutum, wanda zai zauna a can kullum, ya kira shi, ya taɓa shi, ya jira har ya juyo. Zai ƙyale ka sau goma kafin ya juyo sau ɗaya. Aiki ne mai cin rai. Akwai mai yi?"

Baffa ya ɗauki kujerar ya mayar da ita.

Komowa ba ta da labari mai yawa. Gwaggo ta cika mu da gurasa da faɗa, ta ce wa Baffa in ta sake jin sunan Belbeji da ƙafarta za ta zo. A iyaka takalman Baba duka biyu suka tsallake, don Baffa ne ya riƙe su a hammata har aka idar da salla. Mun iso gida ana ɗaurin dami. Maganar raba gandu ba wanda ya ce an fasa, ba wanda kuma ya sake tayar da ita. Gero dai rumbu ɗaya ya shiga.

Masu tambayata ko Baba ya warke, bai warke ba. Har yanzu in ba a juya masa akushi ba rabi yake ci, jiya ma ya buge kafaɗa a ƙofa duk da jan ƙyallen. Amma shekaranjiya bayan la'asar na kai musu ruwa a tabarma, na tarar Baba ya ɓara goro, yana riƙe da rabi yana duban dama ya rasa wanda zai ba. Baffa ya dafa masa gwiwar hagu.

"Yaya."

Baba ya ci gaba da duban dama.

"Yaya, nan."

Baba ya fara juyowa a hankali, kamar mai tura ƙofar da ta daɗe a rufe. Ya wuce ni, ya wuce bishiyar ƙofar gida, ya tsaya, ya ƙara kaɗan. Sai ga Baffa.

"Ashe kana nan."

"Ina nan," in ji Baffa, ya miƙa hannu ya karɓi rabinsa.